Madam Tana Haƙa, Baƙi Suna Falo

Jama'a, ku yi min afuwa, na san na ɓace muku. Masu turo min "ina labarin Likita?" na ga saƙonninku, masu cewa na yi aure a ɓoye kuma Allah ya shirye ku. Ban yi aure ba. Hawainiya na tsinta, kuma tun da ta shigo gidanmu ban sake gane gabana da bayana ba.

Saboda sababbin zuwa, ni ce auta a gidanmu, Auta kuma kowa ke kirana har a wurin aiki. A shagon labule nake: in auna taga, in yanka yadi, in kalmashe baki, in saurari matan da ke son labulen da zai tare rana amma ɗaki ya yi haske. Shi kuwa Likita, likitan haƙori ne. Abba ne ya je a cire masa haƙori, ya dawo da auduga cike da baki, ko magana ba ya iya yi sosai, amma sai da ya ce wa Mama, "Yaron nan ɗan mutunci ne." Daga cire haƙori Abba ya samo suruki.

Ba wanda ya tilasta min, kada in ɗauki alhakin kowa. Sai dai a gidanmu da ido ake matsa wa mutum. Mama za ta tsaya a bakin ƙofata tana ninke mayafin da ta riga ta ninke, ta ce, "To, ya ake ciki?" Yaya kuma daga gidan mijinta sai turo min hotunan gadaje take, ba ko sallama. Ni kuwa amsata ɗaya ce, ban sani ba. Ba ƙinsa nake yi ba. Yana da tsafta, yana da kunya, rigarsa kullum a goge. Amma saƙonninsa ba su wuce "Kin tashi lafiya?" da "Kin ci abinci?" ba, kuma duk abin da na faɗa sai ya ce, "Haka ne." Na taɓa ce masa ruwan sama ya fi daɗi in an kama shi da rariya, don in gwada shi, ya ce, "Haka ne kam." Ku gaya min, ta yaya zan san ina son mutumin da ban taɓa jin ra'ayinsa ba?

Ana cikin wannan ne masu gyaran wayar lantarki suka sare bishiyar bayan shagonmu. Na fito zubar da guntayen yadi na gan ta a ƙasa, tsakanin tayar motar kawo kaya da bakin kwata, ta yi baƙi ƙirin, ta ɗaga ƙafa ɗaya sama ta rasa inda za ta ajiye ta. Direba na shirin tayar da mota. Ban yi wani tunani ba, na juye zobban labule daga kwalinsu, na tura ta ciki da gefen mayafina. A cikin motar haya na rungume kwalin har gida, matar da ke kusa da ni tana tambaya ko kek ne.

"Innalillahi!" in ji Mama da ta leƙa. "Auta, 'ya'yan mutane suna dawowa gida da lemo, ke abin da kika ga ya dace da mu ke nan?"

"Mama, mota ce za ta taka ta."

"To ke ce hukumar motoci? Ki ce ta daina kallona. Ido ɗaya a kaina, ɗaya a kan tukunyata!"

Wannan kallon ne ya sa na raɗa mata Madam, sunan da muke kiran mai shagonmu, don ita ma haka take, tana magana da kai tana ƙirga wanda ya shigo.

Ban taɓa kiwon ko kyanwa ba. Na ajiye mata ruwa a kofin shayi mai kyau, ta wuce ta gefensa kamar ba ta gani ba. Na yanka mata latas, ta taka shi ta hau labule. Na shiga wani zauren masu kiwon irin waɗannan dabbobi a waya, nan ne kaina ya ƙarasa ɗaurewa: wannan ya ce a sa ta a rana, wancan ya ce rana za ta kashe ta, wata ta turo min hoton tata hawainiyar sanye da hula ba tare da ta amsa tambayata ba. Da ƙyar na gane cewa ba ta shan ruwan da ke zaune, sai wanda ke ɗiga daga ganye. Na ɗauko abin fesa ruwan guga na fesa wa ganyen, sai ga Madam ta buɗe baki tana lasa. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Gyare da fara kuma ni da ke tsallen tsoron kyankyaso, sai ga ni a tsugune bayan gida da kwalba, maƙwabta na leƙe ta taga.

Kafinta ya yi mata keji mai tsayi, raga ta ko'ina, na sa reshe a ciki da tukunyar fulawa mai ganye. Ta koma kore shar, tana tafiyar nan tata ta gaba-baya kamar mai shawara da kanta. Na tura wa Likita hotonta, ya rubuto, "Masha Allah." Ranar da ya zo na fito masa da ita a kan hannuna, sai na ga mutum ya koma bayan ƙofar motarsa yana gyara madubin da ba abin da ya same shi.

"Tsoro kake ji?"

"A'a, wato... haka ne."

Yanzu ga inda na yi ɓarna, kuma da zuciya ɗaya na yi ta. Madam ta fara saukowa tana tona ƙasar tukunyar fulawa, tana watsa ta har kan darduma. Ni kuma 'yar shagon labule ce, ba na iya ganin datti in yi barci. Na cire tukunyar gaba ɗaya, na sa rassan a kwalbar ruwa. Na ɗauko ragowar karammiski ja da ya rage daga aikin wani otal, na auna ƙasan kejin, na yanka, na kalmashe bakinsa, har da 'yan tuntaye a kusurwa. Na shimfiɗa mata na ɗauki hoto. Yaya ta ce ko ɗakinta bai kai wannan kyau ba.

Daga nan Madam ta daina cin abinci. In na miƙa mata fara sai ta juya ido ɗaya ta dube ta, ta kawar. Amma cikinta ƙara girma yake. Mutum bai ci ba, tumbi na ƙaruwa, wannan wane irin lissafi ne? Kullum in na dawo aiki sai in same ta a ƙasa, a kusurwa, tana ta yaƙushin karammiskin har faratanta na sarƙewa a zare. Ni kuma sai in ce, "Ayya, Madam, faɗowa kika yi?" in ɗauke ta in mayar kan reshe. Ta sauko, in mayar. Ta sauko, in mayar. Idanunta suka fara zurmawa, tana lumshe su da rana tsaka. A zauren nan wani ya ce tsutsar ciki ce, wani ya ce kewar daji take, wani ya ce in yi haƙuri kawai. Na san dai abu ɗaya: mutuwa take yi a hannuna, kuma ban san me ke kashe ta ba.

A daidai wannan lokacin Mama ta shigo ɗakina fuskarta a washe.

"Hajiyar Likita za ta zo gaishe mu ranar Asabar, ita da ƙanwarsa." Ta juya ta nuna kejin da haɓa. "Kafin su zo, wannan abar ta bar min gida."

"Mama, ba ta da lafiya."

"Ni ma ba ni da ita, tun ranar da kika kawo ta."

Abba ne ya raba gardamar daga bayan jaridarsa. Ya ce a bar ta a ɗaki, a rufe ƙofa, baƙi ai ba bincike suka zo ba. Mama ta ce to, amma in ko sunanta ya fito a gaban mutane, ni da ita ne.

Ranar Juma'a na rasa wanda zan kai wa kuka, sai na ɗauki Madam a bidiyo tana yaƙushin kusurwa, na tura wa Likita. Ban sa rai da komai ba, na san "Allah ya ba ta lafiya" zan samu. Sai ya rubuto:

"Tun yaushe take haka?"

"An kwana biyu."

"Tana ci?"

"A'a."

Shi ke nan. Ya karanta, ya yi shiru. Na duba wayar nan har ta yi zafi. Na ce a raina, lallai, mutum ko "sannu" ta gagare shi, shi ne ake so in zauna da shi har tsufa.

Asabar da safe gidanmu ya koma kamar ana tashi. Duk tarkacen falo, tsofaffin jaridun Abba, keken ɗinki, fankar da ta lalace, kwandon wanki, Mama ta sa an tura su ɗakinta an danna ƙofa da kafaɗa. Ina goge tebur wayata ta yi ƙara, Likita ne.

"Ina ƙofar gida. Ki fito, don Allah."

Na leƙa da zanin aiki da hular barci, na yafa mayafi. Na kusa wuce shi. Likitan da na sani da guga mai kaifi, shi ne tsaye da wata tsohuwar riga mai gajeren hannu, wandonsa taɓo har gwiwa, idanunsa jawur. A gabansa wani dogon bokiti ne cike da ƙasa.

"Lafiya? Ba sai da rana za ku zo ba?"

"Ƙwai za ta yi," ya ce, ko gaisuwa babu.

"Wa?"

"Madam. Na tura wa wani abokina likitan dabbobi bidiyon, mun yi makaranta tare. Ya ce da ƙwai a cikinta kika tsince ta. Rami take nema ta binne su. In ba ta samu ƙasa ba za ta riƙe su a ciki, kuma su ne za su kashe ta."

"To ai ni kullum ina mayar da ita kan reshe, don kada..."

"A'a." Ya faɗa da ƙarfi har ni da shi muka tsorata. "A'a, Auta, kuskure ne. Kada ki sake ɗaga ta. Kuma wannan jan ƙyallen, ki cire shi."

Jama'a, karammiskina ne ƙyalle! Tsayawa na yi ina kallonsa. Ashe yana da murya.

Ya tsuguna ya nutsa hannu a bokitin har gwiwar hannu, ya zaro, ramin ya tsaya bai rufta ba. "Yashi ne da ƙasa, na jiƙa daidai. Sau uku ina kwaɓawa kafin ya riƙe. Ki sa a kejin, ki jingina reshe ya sauka ciki, ki lulluɓe ko'ina. Sannan ki fita. Abokina ya ce in ta ga ido a kanta, ko ta ji motsi kusa, za ta bar ramin. Kuma yadda ta galabaita ɗin nan, ba lallai ta iya sake farawa ba."

"Ka shigo ka sa mata da kanka mana."

Ya ja da baya taku biyu. "Ni dai na kawo ƙasa."

Na ja bokitin nan ta ƙofar baya ina nishi, Mama na kicin. Na yaye karammiskin, na tura bokitin, na jingina reshe, na lulluɓe kejin da tsohon labule mai kauri, na bar sama kawai don haske. Na fita na rufe ƙofa. Ba a jima ba na kasa kunne, sai na ji wani ɗan sauti, ƙar-ƙar-ƙar, a hankali. Tana haƙa! Daɗi ya kama ni har na manta abin da aka gaya min. Na ce leƙe ɗaya dai, ta ɗan gefen labule, ai ba za ta sani ba. Na shiga da sanɗa, na ɗaga bakin labulen da yatsa.

Rabin jikinta na cikin rami, kanta duk ƙasa. Ido ɗaya ya juyo baya ya sauka a kaina. Ta tsaya cak. Sannan ta ja da baya, ta fito daga ramin, ta kwanta a gefen bokitin, bakinta a buɗe, ta rufe ido.

Na saki labulen na fito da gudu na shige banɗaki na kira shi.

"Na leƙa," na ce, kuka ya ƙwace min. "Ta fito. Na kashe ta."

Na jira "ba komai". Sai ya ce, "Bai kamata ki leƙa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ba ki kashe ta ba tukuna. Ki bar ɗakin. Kome ya faru, kada kowa ya shiga, har ke."

A ɗakin Mama na yi shiri, a tsaye tsakanin keken ɗinki da matacciyar fanka. Doguwar riga ruwan toka mai aikin zare a wuya, wadda Yaya ta aiko, da mayafi ruwan hoda. Na sa kwalli ya zube, na goge na sake sawa. Yaya na ta turo saƙo: "Ki yi murmushi amma kada haƙora su fito." "Kada ki cika magana." "Kada kuma ki yi shiru su ce girman kai." Ban amsa ko ɗaya ba. Duk wucewar da zan yi sai na manna kunne a ƙofata, shiru. Sai da aka yi sallama a waje, Mama na gyara ɗaurin ɗankwali da sauri, sannan na ji shi, can ƙasa-ƙasa: ƙar... ƙar... Ta sake farawa.

Hajiya doguwa ce, mai farin tabarau, ba ta da yawan magana, na ga inda ɗanta ya gado. Ƙanwarsa kuwa ita ta kwashe maganar gidan gaba ɗaya, ga jariri a kafaɗa, ga jaka kamar za ta kwana. Shi Likita ya sake wanka ya koma mutumin guga, ya zauna da Abba a baranda. Na durƙusa na gaishe su, na kawo shayi da kek da kankana. Aka yaba labulen falo, Mama ta ce ni na ɗinka, ƙanwar ta juya bakinsa ta duba ɗinkin ta ciki. Hajiya ta tambaye ni aiki, na amsa, amma da za ku yanka ni ban san me na ce ba. Kunnena ɗaya na falo, ɗaya na lungun da ke kaiwa ɗakina.

Sai jaririn ya fara kuka, irin kukan barcin nan mai tsaga kunne. Ƙanwar ta jijjiga shi, ta miƙe.

"Bari in kwantar da shi a ɗakin antinmu, in kunna masa fanka. Wanne ne? Wannan?"

Ta riga ta nufi lungun. Na dubi Mama. Ɗakin Mama ba ya buɗuwa sai da kafaɗa, na Abba kuma ba wurin baƙi mata ba ne. Mama ta yi min wani kallo mai cewa kejin ai a lulluɓe yake, ki bar ta ta shiga, za ta ɗauka kaya ne. Da gaskiyarta, ba ta san komai game da ƙwai ba. Jariri mai tsala ihu, fanka, fitila, mace mai son juya bakin labule ta ga ɗinki.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsinci kaina tsaye a ƙofar ɗakina, bayana a jingine da ita, hannuwana a buɗe, tiren shayi ma ban san inda na ajiye shi ba.

"Don Allah ki yi haƙuri. Ba a shiga."

Ta yi dariya. "Haba, ko bai da gyara ai mun zama ɗaya."

"A gyare yake. Ba a shiga ne kawai."

Dariyar ta ɗauke. Falo ya yi tsit, har jaririn ya sassauta kamar shi ma yana son jin bayani.

"Auta," in ji Mama, da muryar da take amfani da ita in akwai baƙi, mai zaƙi a sama. "Matsa mata mana."

"Mama, ba zan iya ba."

Hajiya ta ajiye kofinta a hankali. Ta dube ni ta saman tabarau. "'Yata, me ke cikin ɗakin?"

Idon Mama na roƙona in ce fenti aka yi, in ce maganin sauro aka fesa, in ce komai. Ƙarya goma ta zo min baki, ko wacce ta fi 'yar'uwarta kyau. Amma duk wadda na faɗa, ƙanwar nan za ta ce bari ta leƙa ta gani.

"Hawainiya ce, Hajiya," na ce a hankali. "Tana naƙuda."

Mama ta rufe fuska da mayafi. Ƙanwar ta ƙanƙame ɗanta ta yi baya har ta bugi bango.

"Hawainiya? A ɗakin kwananki? Kuma saboda ita kika hana ɗana wurin kwanciya?" Ta ɗaga murya. "Yaya! Yaya, zo ka ji!"

"Don Allah a hankali," na ce, "tana jin hayaniya." Wannan kuma ya ƙara ɓata lamarin.

Ya shigo, Abba na biye da shi. Ya dube ni a manne da ƙofa, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi mahaifiyarsa. Na ce a raina, to, yau za a ce "haka ne" wa kowa a watse.

"Ka san da wannan?" in ji Hajiya.

"Na sani." Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. "Ni na kawo mata ƙasar da take haƙawa. Ni na ce kada a bar kowa ya shiga. In laifi ne, nawa ne."

"Kai?" Ƙanwar ta zaro ido. "Kai da ƙadangare ya kora daga banɗaki da sabulu a ido?"

"Ki rage murya," ya ce mata.

Hajiya ta gyara tabarau. Ta dube shi ta daɗe, ta dube ni ta daɗe, fuskarta ba fushi ba dariya, na kasa karanta ko harafi ɗaya a cikinta. Sannan ta ɗauki jakarta ta miƙe.

"To, mun gode da karamci. Yaron nan na son barci, bari mu kai shi gida."

Mama ta raka su har mota tana ba da haƙurin da ba wanda ya nema. Abba ya tsaya a tsakiyar falo yana sosa ƙeya, ya ɗauki yankan kankana ɗaya ya koma baranda. Likita bai waiwayo ba, ko kuma ya waiwayo ban gani ba, don ni ban bar ƙofar ba. Na zame na zauna a ƙasa da rigar Yaya da komai.

Sai a lokacin na lura. Shiru. Ba ƙar-ƙar, ba komai.

Na manna kunne har ya yi zafi. Ko hayaniyar ce ta sake fito da ita? Ko tana can ƙasan ramin tana zuba ƙwai? Ko ramin ya rufta da ita? Ko ta mutu tun ɗazu, ni ina nan ina korar surukai a kan gawa? Wayata ta haska, Yaya ce: "Ya ake ciki? Sun yaba?" Na kife ta. Daga Likita ba ko ɗigo. Ban san ko na rasa shi ba, ban ma san ko ina da shi da zan rasa ba, kuma abin da ya fi ruɗa ni, yau ne karon farko da tunanin rasa shi ya yi min ciwo.

Na ji takun Mama. Ta tsaya a kaina, ɗankwalinta ya zame, numfashinta na fita da ƙarfi.

"Kin kyauta," ta ce. "Kin kyauta min, Auta. A gaban baƙi."

"Mama, ƙwai ne a cikinta. In aka gan ta sai ta fasa, in ta fasa kuma mutuwa za ta yi. Ni na cire mata ƙasar tun farko, ni na..." Na miƙe na kama hannun ƙofar. "Ta yi shiru. Bari in duba kawai in sani."

Hannun Mama ya sauka a wuyan hannuna, ya riƙe gam.

"Ke ba ki da hankali ne? Kin kori mutane don kada a leƙa ta, yanzu ke za ki leƙa?"

"Mama, shiru fa ta yi."

"To ihu kike so ta yi?" Ta janye ni daga ƙofar. Muryarta ta sauka. "Ranar da zan haife ki, dangin ubanki suka cika min ɗaki, wannan ta leƙo, waccan ta ce har yanzu? Naƙudar ta tsaya cak. Sai da wata tsohuwar nas ta kore su duka ta rufe ƙofa, sannan kika ga damar fitowa. Zauna."

Na zauna. Ita ma ta zauna a ƙasa kusa da ni, da kayan baƙinta, abin da ban taɓa gani ba. Ba ta sake ni ba. Muka kasa kunne mu biyu muna kallon bango.

Can sai ga sautin, siriri, a gajiye. Ƙar. Shiru. Ƙar-ƙar.

Mama ta matse min hannu har na ji zafi. "Yawwa," ta ce a ƙasan maƙoshi. "Yawwa, 'yar albarka. Yi a hankali."

Wayata ta yi zuu a ƙasa. Na juyo ta da hannu ɗaya. Likita ne.

"Hajiya ta ce in juya motar. Ba ta faɗi dalili ba. Muna ƙofar gida, ta ce ke take son gani."

Na miƙa wa Mama ta karanta. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dube ni, na dube ta, ba wanda ya gane komai. Ta lashi yatsa ta goge min kwallin da ya zubo, ta gyara min mayafi. Sannan ta jawo kujerar roba daga lungu, ta dasa ta a bakin ƙofar ɗakina, ta zauna ta harɗe hannu.

"Je ki buɗe musu," ta ce. "Ko me ta zo da shi, ki ji da kunnenki. Nan kuwa, ko ubanki ne ba zai wuce ni ba."